Ƙorafin Ungozomar da Aka Riƙe wa Takardu Wata Goma Sha Tara

Daga: Mai fayil lamba 4417,
Gida na biyu, Layin Bayan Asibiti.
9 ga Maris.

Zuwa ga: Mai Girma Magatakarda,
Hukumar Tantance Takardun Ma'aikatan Jinya da Ungozoma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RIƘE TAKARDUNA DA KUMA TAKARDAR TUHUMA TA 2 GA MARIS

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ungozoma ce. Na yi karatu shekara huɗu a ƙasar haihuwata, na karɓi haihuwa shekara goma sha ɗaya kafin aiki ya kawo maigidana nan. Ga ƙorafina:

1. Na miƙa takarduna na asali ranar 6 ga Agusta, bara waccan. Bayan wata biyar aka ce sunan mahaifina a takardar shaida ya fi na fasfo da harafi ɗaya. Na yi rantsuwa a kotu na kawo. Aka karɓa, aka yi shiru.

2. Ranar 14 ga Yunin bara, jami'in tebur na uku ya ce sai makarantata ta aiko da wasiƙa da kanta. Na sanar da shi an haɗe ta da wata jami'a. Jami'ar ta aiko, aka ƙi karɓa, wai hatimin ba na tsohuwar makarantar ba ne. Ranka ya daɗe, makarantar da aka rufe ba ta da hannun buga hatimi. Na roƙi a ba ni jarrabawa a gwada ni, aka ce sai an gama tantancewa.

3. Da zaman gida ya ishe ni, na karɓi aikin goge-goge a ɗakin haihuwa na asibitin unguwarmu. Ranar 24 ga Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, ina goge ƙarƙashin gado na huɗu na ga jini yana ɗiga daga katifa. Mai jegon yarinya ce, haihuwar fari, leɓenta har ya yi fari. Ungozomar da ke bakin aiki tana ɗaya ɗakin tana fama da 'yan biyu. Na ajiye bokiti, na sa safar hannu, na murza mararta har mahaifar ta tsuke, jinin ya ragu, ina ƙwala kira. Likita ya iso bayan minti goma sha biyu. Yau mai jegon tana gida tana shayar da 'yarta.

4. Kafin mako ya zagayo, takardar hukumarku ta iske ni, ana tuhumata da aiki ba lasisi. Ashe hukumar ta san gidana. Ashe tana iya rubuta wasiƙa cikin kwana shida. An umarce ni in sa hannu cewa na yi kuskure, kuma ba zan sake taɓa majinyaci ba.

Da dukkan ladabi, ba zan sa hannu ba. Ban yi kuskure ba. In gobe na sake ganin mace tana zubar da jini babu kowa a kanta, zan ajiye bokitin.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya janye tuhumar, ya amince da wasiƙar jami'ar, ya sa mini ranar jarrabawa cikin kwana talatin. In na faɗi, na yarda. In an ƙi, a rubuto mini dalili da sunan wanda ya ƙi, domin kotu za ta tambaye ni.

Na haɗa da bayanin likitan, da na mijin mai jegon, wanda ya dage sai ya dangwala yatsa bayan ya sa hannu.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Ungozoma.