Abin da Kika Rubuta a Bayan Kwali

Zuwa ga Malama Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗaliba ga malamarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Binta mai in'ina, wadda kika koya wa Turanci a makarantarmu ta 'yan mata a Kibiya. Na san na makara. Sati uku ke nan da rasuwarki, sai yanzu na kawo gaisuwar da ya kamata ki ji da kunnenki.

Ba zan manta darasin kwali ba. Kwalin sabulu kike yankawa, ki rubuta kalmar Turanci guda a kowane yanki, ki jera mu a gaban allo kowa da nata, mu zama jimla: Ladi ta sayar da albasa a kasuwa. Sai ki fito da na ƙarshe mai ɗauke da kalmar "only", wato "kawai". Mai riƙe da shi ba ta da wurin tsayawa guda. In ta tsaya gaban Ladi, Ladi ce kaɗai ta sayar. In ta matsa gaban albasa, albasa kawai aka sayar, babu tumatir. Kina cewa, "Ku ajiye ta a jikin abin da take taƙaitawa. In kun jefa ta nesa, na wani za ta je ta taƙaita."

Kullum ni kike miƙa wa kwalin nan. Kowa sai ta karanta kalmarta da ƙarfi, ni kuwa tafiya ce aikina, in zaɓi wuri in tsaya, aji ya jira ni kafin a karanta jimlar. A lokacin ban ga gata a ciki ba. Gani nake kin tallata cewa ba ni da baki. 'Yan aji suka laƙaba mini Binta Onli, sunan ya bi ni har kasuwa.

Ranar da abin ya ishe ni, na dangwarar da kwalin a kan teburinki na ce, "Malama, ba zan ƙara riƙewa ba, ni ma ina da baki." Kika dube ni na ɗan lokaci, kika ce in je in zauna. Ba ki ƙara ba ni shi ba, ni kuma ban ƙara iya haɗa ido da ke ba.

Da farko haushi ne, daga baya ya koma kunya. Har na zama malamar Turanci a Rano kunyar nan ba ta sake ni ba. Wata rana muka shiga mota ɗaya daga Kibiya zuwa Kano, ke a gaba, ni a baya. Na gane ki tun daga ɗaurin ɗankwali. Na ja mayafi na rufe fuska, har muka sauka ban gaishe ki ba. Na ɗauka har lokacin kina riƙe da rashin kunyar da na yi miki.

Da na je ta'aziyya garinku Kahu, 'yarki Rabi ta ba ni wata tsohuwar jaka, ta ce kin bar wasiyya a ba wa duk ɗalibarki da ke koyarwa. Kwalayen ne, sun yi laushi saboda hannu. Na juya bayan nawa, sai ga sunayen 'yan mata a jere, na gane wasu, duk marasa magana ne a aji. A gefen sunana kin rubuta da jan biro: "Yau Binta ta yi mini tsiwa, harshenta bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Alhamdulillahi."

Malama, na yi kuka a gaban mutane. Ashe ranar da nake ta ɓuya saboda ita, ita kike jira tun farko.

Ki yafe mini gaisuwar da na hana ki a mota. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kowane harafi da kika koyar ya zame miki sadaka mai gudana. Ya tsayar da ke kusa da waɗanda Yake so, amin.

Ɗalibarki,
Binta Onli