Saƙon da Mijinki Ya Ba Auta

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan, Ya raya miki su. Mu nan muna numfashi. Goggo ta soma takawa da sanda, Dogo ya samu aikin tuƙi, mamansu kuwa ta daina cin abin kirki tun ranar da aka kama 'yarmu Auta. Na zaɓi alƙalami ne don a waya kuka kike sa mini, sai in kasa ƙarasa magana.

Bari in faɗa miki yadda abin ya faru, don na san mijinki ya ba ki nasa labarin. Da Auta ta gama kwas ɗinta na aikin jinya a can ƙasar wajen da kuke zaune, ranar tahowarta ya miƙa mata wani kwali naɗe da salatif, ya ce ganyen shayi ne da man shafawa na ciwon gwiwa, ta kai wa abokinsa mai shagon taya. Ke kin san tarbiyyar gidanmu: babba ya ba ka saƙo, ba ka buɗewa, ba ka tambaya. Ta tura shi ƙarƙashin kayanta. Da ta sauka a filin jirgi, karen kwastan mai sansano ƙwaya ya zauna a gaban akwatinta. Jami'in kwastan ya tambaye ta ko wani ya ba ta wani abu ta riƙo masa. 'Yar nan da ke kiran mijinki Baba, wadda ba ta taɓa furta sunansa ba, sai ta ji nauyin ambatonsa a gaban baƙi, ta ce duk kayanta ne. Aka rubuta, ta sa hannu. Aka yanka kwalin, sai ga wiwi, ganye da mai.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tafinta a kotu. Na juya irin wannan amsa daga bakin mutane fiye da yadda zan iya tunawa, na kuma ga inda ta kai su. Ban taɓa zaunar da 'yata na koya mata ba, ladabi kawai na koya mata. Yanzu ina zuwa ganinta a gidan yari ranar Talata, in zauna a benci ɗaya da iyayen waɗanda na taɓa fassara wa hukunci. Ta rame. Ba ta tambayata komai sai ko asibiti sun cire sunanta daga cikin ma'aikata.

Na kira mijinki. Ya yi mini dariyar nan tasa ta masu ido a buɗe, ya ce a wajenku a shago ake sayar da shi da rasit, mu ne dai muke baya. Wai in kwantar da hankali, abin zai wuce. Ni yake koya wa doka, mutumin da na cika wa takardar neman fasfo don bai iya rubuta adireshinsa daidai ba. Ki gaya masa halaccin da yake taƙama da shi iyakarsa cikin ƙasarku. Ko dokar taku ba ta yarda a fita da shi ba, tamu kuma ba ta yarda a shigo da shi ba. Ya sani sarai, shi ya sa bai ce wiwi ba ya ce shayi. Mai shagon taya kuwa ya rantse bai ma san da wani saƙo ba.

Ga abin da nake so. Ranar sha huɗu ga wata mai zuwa za a koma kotu. Lauya ya ce abin da zai taimaki Auta shi ne takardar rantsuwa daga mijinki, cewa shi ya naɗe kwalin kuma bai gaya mata abin da ke ciki ba. Ya je gaban hukuma a can ya sa hannu, ya aiko kafin ranar. In ba ta iso ba, na riga na rubuta ƙara zuwa ga 'yan sandan ƙasarku da ofishin da ke duba takardun zamansa, cikin harshensu, babu kuskure ko ɗaya. Na haɗa da hoton kwalin, ga rubutun hannunsa a kai. Wannan boko da bai tsinana mini komai ba, yau ya samu aiki.

Na san idan aka koro shi, ke ma abin zai taɓa ki. Na juya wannan a raina har na gaji, ƙanwata, na ga ba zan iya zaɓenki a kan 'yata ba. Ɗakinki na nan a gidana, ke da yara. Shi kuwa ina so ya sauka a filin jirgin nan, ya tsaya inda ta tsaya, ni kuma ina bayan gilashi ina kallo.

Ki gaishe mini da Baba Ƙarami da 'Yar Fara da takwarana. Goggo da mamansu suna gaishe ki. Auta ta ce in gaida Babanta na can, na ce mata ba zan isar ba.

Yayanki,
Tafinta