Kunnen Sani a Jikin Inji

Laraba da dare, Matameye

Na gaji ƙwarai, amma barci ya ƙi zuwa sai na rubuta wannan.

Da la'asar a fada, majalisarmu ta hira, muka ji a rediyo an sayo wa sojoji jiragen ruwa. Alhaji Mamman ya tuntsire da dariya, ya ce, "Ƙasar da ba ta da teku, a tafkin Dungu za su tuƙa su?" Raina ya ɓaci. Ya san sarai ɗana Sani soja ne a Tafkin Cadi.

Bayan isha'i sai ga wayar Sani. Ya ce an kai musu jirage uku, kumandan ya sa shi ya gwada kafin a karɓa. Mutumin da ya kawo su ya so a zaga a sarari kawai, shi kuwa ya kutsa cikin ciyawa inda 'yan bindiga ke ɓuya. Da suka fito ya ɗora ƙarfe a jikin inji ya kara kunne, yadda na koya masa a kan injin ban-ruwa a garkar rakena. Biyu ciyawa ta shaƙe su, sun ɗau zafi. Aka ce a mayar.

Ya ce, "Baba, da a can ciki suka mace mana, ba mai dawowa."

Wannan fa Sani ne. Yaron da na sha yi wa faɗa wai ba ya saurare.

Gobe da wuri zan je fada. Alhaji zai ji cewa ba mu da teku, amma muna da kunne.