Tantabarun Gwaggo

Tudun Kanya, ta Dayi,
1 ga Maris, 1964.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na gidan auduga. Yaya tarin nan, ya sake ka? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. Gwaggo tana gaishe ka.

Bayan haka, takardarka ta iso ta hannun Tajudeen direba. Na ji an gama yaɓen ɗakuna biyu a gidan namu na Malumfashi, an sa ƙyaure. Amma ka tsallake duk abin da na tambaye ka. Rijiyar a cikin gida take ko a waje? Ƙofar ɗakina gabas take kallo ko yamma? Da gaske ne ana jin ƙugin injin auduga daga tsakar gida? Kai dai in ka ce "gida ya yi kyau" shi ke nan, ka gama bayani.

Ban san muna da tarkace haka ba sai da na fara sauke jere. Tasoshi na zuba ƙanana cikin manya, da tsumma a tsakani. Tukwane na cika su da ƙaiƙayi don kada gargadar hanya ta fasa su. Zannuwana da rigunanka suna cikin adudu, na ɗaure da igiya. Maza sun buɗe rumbu, an sussuke dawa an ɗura a buhuna. A bayan gadon ƙarfe na tsinci ludayin nan da na yi wata biyu ina zargin ɓera da sacewa.

Sai maganar Gwaggo. Ƙulli ɗaya tak ta yi, ta ajiye a bakin ƙofa, sauran ɗakin ko tsinke ba ta taɓa ba. Har yanzu tana kan bakanta, wai a fara kai tantabarunta sabon gida ta ga abin da za su yi, sannan ta san matsayinta. Na yarda da lissafinka. Tsohuwar tantabara in an kai ta baƙon wuri gidanta take komowa, in kuwa suka komo Gwaggo za ta ce sun ƙi gidan, ita ma ta ƙi. Unguwa duk ta watse zuwa bakin titi, saura gidan Maitama kaɗai. Ba za mu bar matar da ta goye ka ita kaɗai a kango ba.

Don haka na yi abin da ka ce. Jiya ta tafi barka Dayi, na yaudare su da tsaki zuwa cikin ɗaki, na kama su duka takwas. Ka ce in yanke dogayen gashin fiffike da almakashi, to almakashin yana can ƙasan adudu, na ji ƙyuyar kwancewa, sai na fige da hannu. Gashin na binne a juji. Ko da ta dawo suna cikin kwando a rufe. Ta dafa kwandon ta yi musu addu'a. Ga su nan tare da kayan farko. Allah ya taimake mu Gwaggo ba ta karatun boko.

Ka gaida mutanen gidan da kake cin abinci. Ka huta lafiya.

Ni ce taka,
Adama.

Tudun Kanya,
9 ga Maris, 1964.

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata kaya sun iso ba abin da ya fashe. Na gode da sabulun.

Malam, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Tun ranar da motar ta tashi, kullum da hantsi da la'asar Gwaggo takan shimfiɗa tabarma a gindin katanga, ƙarƙashin tukwanen da tantabarun ke kwana, ta zuba ido wajen Malumfashi. Tana cika musu kasko da ruwa, tana watsa tsaki, kajin Tsohuwa matar Maitama su zo su cinye. Na ɗauka tsaro take yi, kada su dawo ba ta gani ba. Kwana takwas ko ɗaya bai dawo ba, ni har na fara murna a ciki.

Shekaranjiya na ce mata, to Gwaggo, ga shi gida ya karɓe su, yaushe za mu fara ɗakinki? Ta dube ni kamar na yi mata ta'aziyya. Ta tashi ta ɗauko ƙullin nan guda, ta kwance, ta mai da kowane abu mazauninsa. Ta kuma aika wa Maitama cewa in za a loda hatsi a bar mata buhu ɗaya. Tuwo kuwa sai ta yi loma uku ta ture.

Ka ga yadda abin ya juye? Sun zauna, ita kuma ta fasa tafiya. Na juya maganar ta kowace fuska ban gane ba. Na je na bugi cikin Tsohuwa, tun da tare suka yi amarci a unguwar nan, sai ta ce ita ba ta shiga tsakanin mutum da tukwanensa. Wane irin zance ne wannan? Kai da ka tashi a ɗakinta, ka san wani abu game da tantabarun nan da ban sani ba?

Sauran shiri yana tafiya. An ciro dutsen niƙa, mutum uku suka ɗaga shi. Turmi da taɓare da randa babba suna cikin wannan lodin. Da aka kau da randar muka tarar da wani ƙaton kwaɗo a ƙarƙashi, ya yi ɓul-ɓul, ina jin ya riga ni zuwa gidan nan. Ɗakina yanzu sai tabarma da fitila, in na yi tari sai in ji ɗakin ya amsa.

Ka amsa mini da wuri. Allah ya bar mu tare.

Taka,
Adama.

Tudun Kanya,
16 ga Maris, 1964.

Zuwa ga Malam,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ka ce ba ka san komai ba sai dai tun kana ƙarami tantabarun suke. To ni na sani yanzu, kuma ni da kai mun yi ɓarna.

Ran Laraba Gwaggo ta ce in taya ta gyara jeren tukwanenta, tun da zama za ta yi. Da na zo kan ta ƙasa na ji ba nauyin hatsi ba ne a ciki. Ka san ni, hannuna ya riga tunanina. Na buɗe, sai ga 'yar shara ta saƙi da hula, an naɗe su da tazargade don kada asu ya ci. Na tsaya riƙe da su, ta gan ni, ba ta yi faɗa ba. Ta ce in zauna.

Na ɗanta ne, wanda ya tafi ci-rani Kurmi shekara goma sha tara ke nan, kana ɗan shekara bakwai. Shekara uku ina gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ashe ɗan fari ne, ba ta faɗa. "Mai tantabarun" take ce masa. A wurin Tsohuwa na ji sunansa Shitu. Shi ya kawo biyun farko gidan nan, waɗannan duk jikokinsu ne. Ranar da zai tafi ya ce mata ta dubi tantabarunsa, duk nisan da suka yi kiwo nan suke kwana, shi ma haka zai yi. Daga nan ba takarda, ba saƙo, ba wanda ya ce ya ga kabarinsa.

Ga abin da ta ce da bakinta, ban ƙara ba ban rage ba: "Na so in gani ko daga can ana gane hanyar gida. Ga shi ko tsuntsu da ya je ya manta. Ni ba zan je inda zan manta da yaron nan ba."

Malam, dawowarsu take jira. Mu kuma muka hana su.

Ban iya haɗiye abin ba. Na tafi juji na tone gashin, na zubo a faifai na ajiye a gabanta, na faɗi abin da na yi ina kuka. Ta daɗe tana juya gashin da yatsa. Tambaya ɗaya ta yi mini, yankewa na yi ko figewa? Na ce figewa. Ta ce da yankewa ne sai an shekara, amma wanda aka fige kwana arba'in ya isa ya tsiro. Ka ji inda ƙyuyata ta yi rana. Ban ambaci sunanka ba, sai dai ta ce ni ban san tantabara ba balle in san wannan dabara, don haka ka shirya abin da za ka faɗa mata.

Kwana biyu daga gaisuwa ba ta ƙara mini komai. Jiya ta dama fura ta miƙo mini, na san ta huce.

Yanzu ga roƙona. Ka ba su tsaki da ruwa, kada ka rufe su, kada ka kore su. In sun yi ƙwai ka bar musu. Ta ce za ta jira gashin, abin da suka yi bayan nan shi ne gaskiya. Ina tsoro, domin kwana arba'in ya isa tsuntsu ya saba da wuri, kuma in ruwa ya sauka motar Tajudeen ba za ta shigo hanyarmu ba. In ba su dawo ba Gwaggo ba za ta taso ba, ni kuma ban ga yadda zan hau mota in bar ta ba. Ka yi haƙuri da tuwon gidan mutane.

Ni ce,
Adama.

Tudun Kanya,
14 ga Afrilu, 1964.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Gaisuwa da so da kewa. Ina fata kana lafiya. Ka turo mota ran Alhamis.

Jiya da hantsi ina daka a turmin Tsohuwa, tun da namu yana wurinka, sai na ji fuka-fuki a kan katanga. Biyu ne, baƙin namijin nan mai farin wuya da jar matarsa, tsofaffin cikinsu. Suka yi ta leƙa tukunyarsu suna shiga suna fita. Na saki taɓarya na juya in kira Gwaggo, ashe tana tsaye a bayana. Ta ɗebo tsaki ta watsa, ta kori kaji da kanta, ta tsaya har suka ƙoshi.

Muka jira sauran shida har la'asar, ba su zo ba. Na karanta mata takardarka, inda ka ce biyu daga cikinsu suna kwanci. Ta gyaɗa kai ta ce, to garin ana zama, ana kuma dawowa. Kafin magariba ta gama ɗaure ɗakin da na yi wata ɗaya da rabi ina zagayawa. Ba ta bari na taɓa komai ba sai tabarma, wai hannuna ba ya jin magana.

Biyun nan ba za su bi mu ba. Ta bar musu tukwanensu a katanga, buhun dawar da ta ce a ajiye mata ta ba Tsohuwa don tsakinsu. Tukunyar nan ta ƙasan jere ma a ɗakin Tsohuwa za ta zauna, da 'yar sharar a ciki. Hular kaɗai ta sa a ƙullinta.

Yau da safe ta ce in ɗauko alƙalamina. Abin da ta sa na rubuta wa mai tantabarun ke nan: tantabarunka suna nan, uwarka tana Malumfashi gidan ƙanenka Rabe, ba nisa. Ka yafe mini rubuta sunanka, ita ta sa ni. Na ce to sunan wa zan sa a kan takardar? Ta ce, "Sa sunansa mana, ke ai ba ɗanki ba ne." Na rubuta. Sai ta matso ta ce in nuna mata inda sunan yake. Na nuna mata. Ta ɗora yatsanta a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba, sannan ta ninke takardar da kanta ta sa cikin rigar.

Saura kwatancen gidan, za a ƙara a bayan takardar kafin mu tashi. Don haka wannan karon ba ka da wurin gudu. Ka rubuto ta hannun Tajudeen, daga tasha ina ake bi, wace bishiya ce a ƙofar gida, kuma ƙofar ina take kallo. Ka yi shi dalla-dalla, yadda mutumin da ya shekara goma sha tara ba ya ƙasar zai gane.

Gwaggo ta ce a share mata ɗaki, a nan za ta yi Babbar Salla. Sai mun iso, in Allah ya yarda.

Ni ce matarka,
Adama.