Ban Makara Ba, Alisabatu

An ɗaga idin! Ban makara ba, Alisabatu, ban makara ba!

Yanzu bari in gaishe ki, Maman Patricia, ruwan randata a zafin Minna, sabuwar doyata, inuwar mangwaron da nake hutawa. Kwana tara ke nan kina unguwar Tunga wajen jegon Patricia, ina kira kina miƙa wa Patricia waya. Laifina na sani. Shekara talatin da shida ban taɓa barin ashirin da biyar ga Maris ta wuce ban kawo miki sabon zane ba, don a wannan ranar, ranar idin Albishir ga Maryamu, na fara ganin ki, kina jan waƙa a coci, ni kuwa na buɗe baki na manta amshi. Bana jikanmu Jonah ya iso, murna ta kwashe min hankali, ranar ta wuce ina can ina yi wa jariri rawa.

To, jiya katekis, malamin cocinmu, ya nuna min kalandar coci, na sa tabarau na karanta da kaina. Ajin yamman da kika tura ni da furfurata ya yi rana! Bana ranar ta faɗo cikin Mako Mai Tsarki, kuma babu idin da ke shiga gaban wannan mako, ko kwana takwas na Ista. Sai aka mai da shi Litinin, takwas ga Afrilu. Maryamu Uwar Ubangiji da kanta ta haƙura da mako biyu, ba ta yi fushi da kowa ba. Ke fa, tauraruwata? Haƙurinki zai kasa kwana goma sha huɗu?

Gidan nan na Ketaren Gwari ya zama gonar da aka girbe. Tuwon da nake tuƙawa ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Wa zai ce min na cika surutu? Wa zai ture min ƙafa in na yi minshari?

Zanen yana nan, shuɗi, na ɓoye shi inda ba ki taɓa dubawa. Ko idi ya matsa sau goma, ni ba na matsawa daga gare ki har ƙasa ta rufe ni.

Ki zo Litinin, ki goyo Jonah. Ki gaya wa Zumuntar Mata, da maƙwabtan Patricia, da mai keken da zai kawo ku. Bayan sujadar Mas, a ƙofar coci, kowa ya zo ya ga tsoho mai ciwon gwiwa ya durƙusa. Tashina kuwa sai kin miƙo hannu.

Naki har abada,
Shekwolo