Idon Yayan Mijina

Savusavu, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Litiana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da yara kuna lafiya, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau.

Na yi laifi, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Kin san shekara goma sha tara ina yanka gilashi ina haɗa tabarau, ban taɓa duba idon kowa ba. Sai bara aka buɗe wa irinmu karatun wata shida a Suva, aka koya mana auna gani da leƙa cikin ido da ƙaramar fitila, domin mu gane wanda ciwon suga ya fara taɓawa, mu tura shi wurin likita. Ranar da na karɓi takardar shaida, a ɗakinki na durƙusa na yi wa Ubangiji alkawari ba zan ƙara ba kowa tabarau ba sai na leƙa cikin idonsa.

Makon jiya Apenisa, yayan mijina Isikeli, ya zo. Tun da na yi aure ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, domin kin san al'adarmu ta hana mace kusantar yayan mijinta. Ita kuwa fitilar nan ba ta nuna komai sai goshin mai dubawa ya kusa taɓa na wanda ake dubawa. A Suva ba a kawo wannan zance ba. Malamarmu baƙuwa ce 'yar Brisbane, ba ta san al'adarmu ba, mu kuma kunya ta hana mu tambaya.

Matarsa Merewalesi ce ta shiga tsakaninmu. Yana karanta haruffan allo, tana maimaita mini, tana yi masa tsiya wai mai cika baki da hango kwale-kwale daga kan dutse ya kasa ganin harafi kamar kwandon gwaza. Na ɗauki fitilar, na sake ajiyewa. Na ba shi tabarau, na rubuta a katinsa cewa na duba. Ban duba ba. Kuma na san shekara shida yana shan maganin suga.

Ina tambayar kaina ko ladabi ne ya hana ni, ko tsoron bakin matan coci. Ban sami amsar da ta wanke ni ba.

Ki gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Vasemaca

Savusavu, 2 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Litiana,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan wannan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Kin ce in gaya wa Isikeli nan take. Sai da na yi wata biyu kafin na iya. Bai yi faɗa ba. Ya tafi gona ya tono saiwar yaqona, wadda ake miƙa wa babba in za a roƙe shi wani abu, ran Asabar da rana muka je gidan yayansa. Isikeli ya miƙa saiwar, ya roƙa a madadina a bar ni in duba idon. Apenisa ya tafa hannu ya karɓa. Ya juya wajen matarsa ya ce:

"Gaya wa matar ƙanena, tun watan Mayu idon hagun nan hayaƙi kawai yake gani. Na ɗauka laifin tabarau ne."

"Ga ta nan a gabanka, tsoho," in ji Merewalesi. "Kunnuwanta lafiya lau."

Ita kaɗai ta yi dariya. Ta saki labule, ta tsaya a bayansa ta riƙe masa kai. Na matsa na duba. Na ga jini a ido biyun, na hagu ya fi yawa.

Ran Litinin muka kai shi asibitin Labasa. Likita ya ce za a iya ceto na dama, na hagu kuwa kada mu sa rai. Na tambaye shi ko da a Afrilu aka kawo shi da an cece shi. Ya ce ba zai iya rantsewa ba. Na gaya masa abin da na rubuta a katin ƙarya ne, na soke shi da hannuna a gabansa.

Apenisa ya koma gida. Har yanzu ba ma magana, kuma haka ya kamata.

Kin tambaye ni game da alkawarin. Ban cika shi ba, Yaya. Na duba a ƙarshe, amma bayan wata uku, kuma ido ɗaya ya tafi a tsakani.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙanwarki,
Vasemaca