Ayabar Kumatu

Zuwa ga Baban Kumatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da 'yarmu da Gwaggonta. Ni ma da sauƙi, alhamdu lillahi. Na rubuto ne don a waya kuka ke shaƙe ni, kai kuma ga ka da mantuwa. Liƙa wannan a jikin firiji.

Ka ce Kumatu ta fara zama da kanta, har tana bin cokalinka da ido. To lokaci ya yi, ku fara mata da ayaba. Ka zaɓi nunanna, wadda ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigo, ba ɗanyar da kake kwasowa don mai talla ta yi maka murmushi ba. Ka murƙushe ta da cokali mai yatsu ta yi lilis, ka ɗan zuba madararta. Kada ka yanka mata ƙwalo-ƙwalo, tana iya maƙalewa a maƙogwaro. A zaune za ta ci, kuma ko ƙofa ake bugawa kada ka tashi ka bar ta.

Tun da maganin da ake ɗura mini ya raba ta da nonona, na sa rai ni zan ba ta cokalin farko. Allah bai nufa ba.

Taka,
Maman Kumatu

Baban Kumatu,

Ina gaisuwa. Da fatan kun isa gida lafiya, ya gajiyar hanya?

Kada abin da ya faru ya dame ka. Ga takunkumi a fuskata, gashi ya zube, na rame. Ni ma da ƙyar nake gane kaina a madubin asibitin nan, ina ga ita? Amma da na miƙa hannu ta ƙanƙame Gwaggo tana tsala kuka, wallahi ya fi mini allura zafi.

Ka ba ƙanwarka haƙuri kan ihun da na yi mata. Da take ba ta ayaba na ga yarinya ta yi ja tana kakari, na ɗauka shaƙewa ce. Gwaggo ce da gaskiya: muddin tana tari, barin ta ake yi ta turo abin da kanta, ba a cusa mata yatsa. Shirun ne abin tsoro. Na ga kun iya. Na ji daɗi, sannan na juya wajen bango na sha kukana.

Taka,
Maman Kumatu

Mijina,

Ina yi maka fatan alheri, kai da duk mutanen gida. Likita ta faɗa mini abin da ta faɗa maka a baranda, ka daina sunkuyar da kai in ka shigo. Sun tsayar da maganin. Na karɓi ƙaddara.

Allah ya saka maka da alheri da ka kawo mini Kumatu da yunwarta. Ka ga yadda ta tsura mini ido, sannan ta buɗe baki? Ta ci a hannuna, Baban Kumatu!

In ta fara damƙa da kanta, ka tsaga mata ayabar dogo-dogo kamar yatsanka. Sauran Gwaggo ta sani.

Rigar da ta shafa mini ayaba a ƙirji tana cikin jakata. Mai jinya ta ce tabon ba ya fita. Kada kowa ya gwada. Ka ajiye wa Kumatu, in ta yi wayo ka nuna mata.

Taka har abada,
Maman Kumatu